JIRGIN YAƘI MAI SAUKAR UNGULU: ƘIRARSA, ƘARFINSA DA RAUNINSA

Jirgi mai saukar ungulu ba baƙo ba ne ga jama'a. An saba ganinsa yana ɗauko marar lafiya, ko yana kai agaji inda mota ba ta iya shiga. Amma akwai wani irinsa wanda ba a ƙera shi don ɗaukar kaya ko mutane ba. Aikinsa farautar tankokin yaƙi da tallafa wa sojan ƙasa a fagen daga. Wanda ya fi suna cikin wannan iri shi ne Apache, ƙirar Amurka. Ya fara tashi ran 30 ga Satumba 1975, sojan Amurka suka soma aiki da shi a shekara ta 1986, har yanzu kuma kamfanin Boeing yana ƙera shi. A nahiyar Afirka, Masar da Maroko sun saya.

Yadda aka ƙera shi

Mutum biyu kaɗai ke shiga cikinsa. Maharbi yana gaba, matuƙi yana baya a kan kujera mai ɗan tudu, don ya hangi gabansa. An jera su haka ne domin jikin jirgin ya zama siriri, ya yi wuyar samu ga mai harbinsa daga gaba. Kowannensu yana iya tuƙi, kuma akwai garkuwa tsakaninsu, saboda in harsashi ya sami ɗaya, ɗayan ya komo da jirgin gida.

Babbar matsalar maƙera ita ce nauyi. Tanka tana tafiya bisa ƙasa, ana iya lulluɓe ta da ƙarfe mai kauri. Jirgi kuwa fikafikansa ne ke ɗauke da shi, duk kilo guda na sulke da aka ƙara sai an rage mai ko makami. Saboda haka ba a sulkace ko'ina ba, sai wurin zaman mutane da sassan da in sun lalace jirgi ya faɗi. Sauran an yi masu dabara. Inji biyu gare shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yadda harbi guda ba zai kashe su tare ba. Tankin mansa yana toshe kansa in ya huje. An ƙera fikafikansa huɗu yadda za su jure bugun harsashi mai kaurin milimita 23.

Idanunsa da makamansa

A hancin jirgin akwai na'ura mai ganin zafin jiki. Mutum, da dabba, da injin mota duk suna fid da zafi, ita kuwa tana mai da wannan zafi hoto, ko da cikin duhun dare. Hoton yana fitowa a wani ɗan gilashi da ke maƙale a kwalkwalin matuƙi, daidai idonsa na dama. Bindigar da ke ƙarƙashin jirgin ana iya haɗa ta da wannan kwalkwali: duk inda mutum ya juya kansa, nan bakinta yake juyawa. Kaurin harsashinta milimita 30, jirgin kuma yana iya ɗaukar har 1.200.

A gefe biyu akwai gajerun fikafikai inda ake rataya rokoki da makamai masu linzami da ake kira Hellfire. Yana ɗaukar har 16, kowane yana iya fasa tanka daga nisan kilomita 8. A wasu jiragen an ɗora na'urar rada a can bisa manyan fikafikai. Ta haka jirgi zai laɓe bayan tudu ko itatuwa, rada kaɗai ta leƙo, ta gano abokan gaba, ya harba makami ba tare da an gan shi ba.

An ga amfanin wannan ran 17 ga Janairu 1991, lokacin da Apache 8 suka shiga Iraƙi da dare, suna tafiya dab da ƙasa, suka ragargaza tashoshin rada biyu. Su ne suka buɗe wa sauran jirage hanya a farkon Yaƙin Tekun Fasha.

Inda rauninsa yake

Tafiya ƙasa-ƙasa da tsayawa cik a sama su ne ƙarfinsa, su ne kuma rauninsa. A watan Maris na 2003, Apache kamar 30 suka tafi kai hari kusa da Karbala. Mutanen da suka ɓuya a gidaje da gonaki suka yi masu ruwan harsashi da bindigogin hannu da manyan bindigogi. An kakkaɓo ɗaya, aka kama mutum biyu da ke ciki, sauran kusan duka suka komo da huji, ba tare da sun cika aikin da aka aike su ba.

Yanayi ma abokin gaba ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, fikafikai ba su samun abin turawa sosai, dole a rage kaya. Ƙura da rairayi suna cin fikafikai da inji, suna kuma rufe idon matuƙi wajen sauka. Wannan matsala ce ga kowace ƙasa mai hamada, kowane irin jirgi ta saya.

Daga shekara ta 2022, yaƙin Ukraniya ya ƙara nuna haɗarin makami mai linzami da soja guda ke saɓawa a kafaɗa: Rasha ta yi asarar jiragenta masu yawa na wannan iri. A watan Fabrairu na 2024, sojan Amurka suka soke shirin ƙera wani sabon jirgin leƙen asiri da kai hari, suka mai da hankali ga jirage marasa matuƙi, waɗanda suka fi araha, kuma in sun faɗi ba a rasa rai.

Ƙasar da ke niyyar sayen irin wannan jirgi ya kamata ta san ba jirgi kaɗai take saye ba. Horon matuƙi yana cin shekaru. Bayan kowane tashi, makanikai suna daɗewa suna bincike da gyara, kayan gyaran kuwa daga ƙasar da ta ƙera shi suke zuwa, in ta ga dama. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, jirgin zai zauna a fili, kuɗin jama'a kuma sun riga sun tafi.