Kwamfutarka na da ƙwayoyi huɗu, me ya sa take jan ƙafa?

Mai shagon buga takardu a Gwantu, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, in ya je Kafanchan sayen kwamfuta ta hannu, tambarin Core i5 ko i7 dillali zai fara nuna masa. Tun 2005 Intel da AMD suka soma haɗa ƙwayoyin aiki biyu a cikin furosesa ɗaya ta kwamfutar tebur, yanzu kuwa huɗu ko takwas ba abin mamaki ba ne. Sai dai yawansu kaɗai ba ya kawo sauri.

Ƙwayoyin nan kamar 'yan gayya suke a gonar citta. In an raba musu kunya-kunya, kowa da fartanyarsa, kafin azahar an tashi. In fartanya ɗaya ce, mutum ɗaya ke duƙe, saura na tsaye. Gene Amdahl ya yi wannan lissafi tun 1967: idan rabin aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaya dubu ka zuba masa saurin ba zai wuce ninki biyu ba. Shi ya sa mai haɗa bidiyon biki yake cin moriyar ƙwayoyi da yawa, mai buga wasiƙa a Word kuwa da wuya ya ga bambanci.

Kafin ka zargi furosesa, danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Sau da yawa za ka tarar furosesa na hutawa, faifan ajiya ne ya cika ɗari bisa ɗari, ko RAM ta ƙare. Maganin nan shi ne sauya tsohon faifai da SSD, a kai RAM gigabait 8. A ganina babu kuɗin da ya fi wannan amfani a jikin tsohuwar kwamfuta.

Sai zafi, wanda shi ne ya fi damuna, don mutane ba sa kula da shi. Furosesar Intel in ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu na toshe fanka da ramukan iska, zafin Maris ya biyo baya, ga shago a rufe saboda ƙarar janareta. A buɗe kwamfutar a kakkaɓe, mai gyara ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, kuma a daina ɗora laftof a kan katifa.

A duba tsarin wuta ma: Windows na rage ƙarfin ƙwayoyin in laftof na kan batir, don haka a bari sai an jona kafin a yi aiki mai nauyi. Akwai masu shiga msconfig su sa alama a akwatin zaɓen adadin furosesa, wai suna buɗe ƙwayoyin da aka kulle. Windows na amfani da dukansu tun asali; wannan akwatin rage su kawai yake iya yi, a bar shi babu alama.