HALWA: KALMA ƊAYA, ƘOFOFI UKU

A wannan mako za mu duba wata kalma da muka aro daga Larabci, watau halwa. Asalinta wuri ya zama wofi, babu kowa. Bahaushe yana da kaɗaici, yana da kewa, amma waɗannan aukuwa suke yi wa mutum. Halwa kuwa shigarta ake yi da niyya, shi ya sa shari'a ta sa mata ido.

Ma'ana ta farko ita ce keɓewa don ibada. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a kogon Hira har wahayi ya sauko masa a shekarar 610. Imamu Gazali ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095, ya tafi Sham ya keɓe, daga baya ya keɓe wa ladubban nisantar jama'a babi guda a cikin Ihya'u. A nan gida mun san malaman ɗariƙa masu shiga halwar kwana arba'in. A Sudan kuwa makarantar allo ita kanta halwa suke kiranta.

Ta biyu ita ce halwar ango da amarya. A mazhabar Malikiyya, in miji baligi ya keɓe da matarsa gwargwadon yadda saduwa za ta yiwu, sa'an nan ya sake ta, to, idda ta hau kanta ko da su biyun sun ce ba abin da ya auku.

Ta uku ita ce haramtacciya: namiji ya keɓe da macen da ba muharramarsa ba. Hadisi ya nuna cewa Shaiɗan ne ke cika su uku. Mai kanti da ke shigar da mai ciniki ƙuryar shago, da babban ma'aikacin da ke kulle ofis da mai neman aiki, sai su yi hattara.

To, me ya haɗa ukun nan? Shari'a ba ta taɓa ɗaukar rufaffen ɗaki a kan wofi ba. Abin da aka yi a cikinsa yana da hukunci.

Mu da muke kasuwa da ofis ba mu da sukunin kwana arba'in, amma kullum muna da tamu halwar. Ɗan kasuwa yana cikinta sa'ad da yake cika buhu, mai saye bai ga abin da ke ƙasa ba. Akawu yana cikinta bayan an tashi, daga shi sai littafin kuɗi da makullin baitulmali. A sahun gaba kowa salihi ne. A nan ne ake sanin wanda ya kaɗaita Allah da tsoro.

Allah ya gyara mana ɓoyenmu fiye da bayyanenmu, amin.