2.3 Sauye-sauyen da Aka Yi wa Peugeot 504

An fara ƙera Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, a Faransa a 1968, da inji mai lita 1.8. A 1970 aka ƙara girmansa zuwa kusan lita 2. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, shi ya yawaita ta a Arewa.

Sai dai canjin da ya fi amfanar direbobin Talata Mafara da Bakura da Maradun a ƙarƙashin mota yake. A ƙirar farko, kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai, wanda ke sa daɗin tafiya a kan kwalta. Amma doguwar mai layi uku na kujeru, ƙarfe guda ne ya haɗe tayoyinta na baya, bisa sifirin huɗu. Wannan ya sa take jure fasinja da buhunan shinkafar Bakolori a hanyar burji, kuma gyaranta bai gagari bakaniken tasha ba.

Peugeot 505 ta 1979 ta fi ta kyawun ƙira, amma ba ta kore ta daga tasha ba. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har bayan 2000.