Gigin Tsufa da Masu Hidima a Cikin Ƙwaƙwalwa

A gidaje da yawa akwai tsoho ko tsohuwa da suka fara ruɗewa. Kaka ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ko ta kira ka da sunan kawunka, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida. Mukan ce gigin tsufa ne, waɗansu kuma su ce iskoki ne ko sammu. To, yau bari mu leƙa cikin ƙwaƙwalwa mu ga abin da likitoci suka gano.

Ka sani, ya kai mai karatu, ƙwaƙwalwarka tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Su ne ke aika wa juna saƙo, da su kake haddace karatu, ka gane muryar mahaifiyarka, ka ɗaga ƙafa ka yi tafiya. Amma ba su kaɗai ba ne a ciki. Akwai waɗansu ƙwayoyin masu yawa kamar na farkon, su kuwa aikinsu hidima. A 1856 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya raɗa musu suna daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo, don ya zaci aikinsu kawai su riƙe ƙwaƙwalwa kada ta wargaje. Yanzu ana kiransu giliya, an kuma gane aikinsu ya wuce haka nesa.

Dubi makarantar kwana. Ko malamai da ɗalibai sun cika ta, in babu mai girki da mai shara da mai gyaran wuta, ai karatu ba zai yiwu ba. Haka giliya suke, manyansu iri uku ne. Akwai masu siffar tauraro, waɗanda ke jingine da hanyoyin jini suna ciyar da ƙwayoyin jijiya, suna kwashe rarar sinadaran da aka aika saƙo da su. Akwai masu naɗi, da ke lulluɓe zaren jijiya da wani kitse kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya yi sauri. Sa'an nan akwai masu shara, su ne ke cinye matattun ƙwayoyi da datti.

Ina matsalar take? Tana wajen furotin, wato sinadarin da jiki ke gina kansa da shi. Kowane furotin yana da irin naɗinsa, kamar rawani. In naɗin ya karkace, sai ya manne wa ɗan'uwansa, ya karkatar da shi, su yi ta dunƙulewa har ƙwaya ta kasa fitar da su. Ɗaya daga cikinsu sunansa tau, an gano shi a Amurka a 1975. Aikinsa ya riƙe siraran hanyoyin da ke cikin ƙwaya, kamar katakon da ke riƙe da titin jirgin ƙasa. Tun a 1906 Likita Alois Alzheimer na Jamus ya ba da bayanin irin wannan curi a cikin ƙwayoyin jijiya, a cutar mantuwa da aka sa wa sunansa.

Daga baya aka tarar masu hidimar ma ba su tsira ba. A wata cuta da likitocin Toronto ta Kanada suka bayyana a 1964, tau yakan taru har a cikin masu siffar tauraro. Mai ita yakan riƙa faɗuwa ta baya, idonsa ya kasa duban ƙasa, har ya kasa ganin abincin da ke gabansa. A 1989 kuma aka ga wani curi a cikin masu naɗi, a 1998 aka gane furotin ne mai suna alfa-sinukilin. Shi mai wannan cuta jiri ke ɗibarsa da ya miƙe tsaye, fitsari ya ƙi riƙuwa, tafiya ta zama tangaɗi. Ka ga ke nan ba kullum abin ke fara bayyana da mantuwa ba. A 2016 masana suka ware wani nau'in tarin tau da ake samu a masu siffar tauraro, galibi ga waɗanda suka haura shekara 60, har da tsofaffin da hankalinsu garau yake.

To, in mai girki ya kwanta, wa zai ci? Mai hidimar da ya cushe yakan gaza ciyarwa da kwashe datti, rufin jijiya ya lalace, masu shara su harzuƙa su tayar da kumburi, ƙwayoyin jijiya su yi ta mutuwa sannu a hankali.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da waɗannan cututtuka. Duk da haka a kai tsoho asibiti da wuri, domin wata ruɗewar zazzaɓi ne ke kawo ta, ko faɗuwar suga, ko ƙarancin bitamin B12, waɗannan kuwa suna da magani. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, ta hanyar kula da abubuwa irin su hawan jini, ciwon suga, raunin ji, shan taba, rashin motsa jiki, kaɗaici da ƙarancin karatu tun ƙuruciya.

Ku kuma yara, in kaka ta tambaye ku abu sau biyar, ku amsa mata sau biyar. Kada ku yi mata dariya ko gardama, kada ku yarda a jefe ta da maita. Ku kwashe abin tuntuɓe daga hanyarta, ku raka ta in za ta fita, ku zauna hira da ita. Ciwo ne a jikinta, kamar ciwon ƙafa. Allah Ya ba tsofaffinmu lafiya, Ya ba mu haƙurin kula da su, amin.