Haƙoran Roba Na Ƙasa: Manyan Ƙusoshi Ko Ƙanana?

Dattawa da yawa cikin mutanenmu mazauna Sabo ta Ibadan da Agege da Idi-Araba sun san wahalar haƙoran roba na ƙasa. Na sama sukan zauna daram, domin suna manne da ganɗa. Na ƙasa kuwa ba su da abin kamawa sai ɗan siririn dasashi, ga harshe yana ta ture su, har mutum ya haƙura da tsire da goro, ya riƙa jin nauyin magana a cikin taro. Dalili kuwa shi ne in haƙora suka zube, ƙashin muƙamuƙi yakan yi ta zaizayewa, na ƙasa kuma ya fi na sama saurin cinyewa.

Maganin wannan ya samo asali daga wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, wanda ya gano cewa ƙashi yakan haɗe da ƙarfen titaniyum ya riƙe shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko irin wannan ƙusa. A 2002 kuma masana suka taru a Jami'ar McGill ta Kanada, suka amince cewa duk wanda ya rasa haƙoran ƙasa gaba ɗaya, abin da ya fi masa shi ne a dasa masa ƙusa biyu a gaban muƙamuƙi, a maƙala haƙoran roba a kansu.

To, ƙusoshin iri biyu ne. Manya, kaurinsu wajen milimita 4 ne, sun fi ƙarfi, amma suna bukatar ƙashi mai kauri, sau da yawa sai an tsaga dasashi, a jira kamar wata uku ƙashi ya kama. Ƙanana kuwa ba su kai milimita 3 ba, akan sa huɗu maimakon biyu, aikinsu ba shi da tsanani, kuɗinsu ya fi sauƙi, wani lokaci ma mutum ya koma gida da haƙoransa a maƙale ran nan. Sai dai siririn ƙarfe ya fi saurin karyewa, kuma zoben robar da ke riƙe kan ƙusar yakan saki, sai an sake shi.

Watau dai ba araha ce za ta yanke hukunci ba, ƙashin mutum ne. Wanda ƙashinsa ya sirance, ko tsufa ya hana shi jure babban aiki, ƙananan sun dace da shi. Mai ƙashi mai kauri kuwa, manyan ne hanyar da aka fi daɗewa ana gwadawa.

Saboda haka kada a yarda a sa wa tsoho ƙusa sai an ɗauki hoton ƙashinsa. Mai ciwon sukari da mai shan taba su gaya wa likita gaskiya, don waɗannan sukan hana ƙusa kamawa. Asibitocin koyarwa na Legas da Ibadan duk suna da sashen haƙori, can ya kamata a fara neman shawara.