Hawa da Faɗuwa a Ƙwallon Ƙafa: Yadda Magoya Baya Ke Auna Su a Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata da la'asar ranar da ake wasa, zai ga jama'a na kwararowa daga lungunan birni, daga Yakasai da Zango da Koki da sauran unguwannin cikin badala, wasu a ƙasa, wasu a kan babura, kowa ya nufi filin wasa na Sani Abacha. Kirari ɗaya ne a bakinsu, watau "Sai Masu Gida!" Ƙungiyar Kano Pillars suke yi wa wannan kirari, ita ce kuwa ƙungiyar da samarin yau suka buɗe ido suka tarar cikin manyan ƙasar nan.

A shekarar 2022 wannan ƙungiya ta faɗo daga rukunin manya zuwa rukuni na biyu. Ko da yake ta koma bayan shekara guda, faɗuwar ta bar wata muhawara wadda akan tayar a majalisu da teburan masu shayi duk lokacin da ƙungiyar ta kusanci ƙasan teburi. Muhawarar ita ce: shin gara ƙungiya ta maƙale a sama ko da a wahale, ko kuwa gara ta faɗi ta sake shiri? Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda tsarin hawa da faɗuwa yake, da hujjojin da kowane ɓangare ke kafawa, da kuma wani abu guda wanda duka ɓangarorin biyu kan manta da shi wajen awo.

Yadda Tsarin Yake

An fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa baki ɗaya a Nijeriya a 1972, sa'an nan aka mayar da ita ta ƙwararru masu cin abinci da ita a 1990. Bisa tsarin da aka saba, ƙungiyoyi 20 ne ke rukunin manya, wanda ake kira Firimiya. Kowace kan kara da kowace sau biyu, sau ɗaya a gida, sau ɗaya a waje, watau wasa 38 ke nan a kaka guda. Wadda ta yi nasara tana da maki 3, kunnen doki maki 1 ne ga kowace, wadda aka ci kuwa ba ta da kome. Idan kaka ta ƙare, ta ɗaya ta ɗauki kofi, na kusa da ita su sami gurbin wakiltar ƙasa a wasannin Afirka, huɗun ƙarshe kuma su sauka, wasu huɗu daga rukuni na biyu su maye gurbinsu.

Hikimar wannan tsari ita ce, ba ya barin kowa ya miƙe ƙafa. Na sama na neman kofi, na ƙasa na neman tsira, saboda haka wasan ƙungiyoyi biyu da suka rasa kome yakan fi na zakaru zafi a makonnin ƙarshe.

Kalmomin da Hausawa suka zaɓa wa wannan al'amari su kansu abin lura ne. Ba a cika cewa ƙungiya ta sauka ba, sai a ce ta faɗi, faɗuwa kuwa a dambe da kokawa ita ce ƙarshen magana. Rukuni na biyu akan kira shi rukunin 'yan dagaji, watau waɗanda ba su ƙware ba, wasu ma su ce na gajiyayyu. Wadda ta tsira da ƙyar a ranar ƙarshe, sai a ce ta tsallake rijiya da baya. Duk waɗannan kalmomi na nuna cewa Bahaushe ya ɗauki al'amarin a matsayin na girma da kunya tun kafin a zo ga lissafin maki.

Gida da Masu Gida

An kafa Kano Pillars a 1990, bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita. Kafin ta, Kano ta taɓa ɗanɗana zaƙin kofi, domin Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978, amma daga baya ta watse. Pillars ta ci gasar sau huɗu: a 2008, sa'an nan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Gasar Zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A 2019 kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Amma abin da magoya baya suka fi tinƙaho da shi ya fi waɗannan kofuna kusa da zuciya. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12 ke nan, ba a taɓa cin Pillars a gida a wasan gasa ba, cikin wasa fiye da 200, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi da ci 2 da 1. Wannan shi ne ya ba kirarin "Masu Gida" nauyinsa. Mai gida a al'adar Hausa shi ne wanda ba a ƙetare maganarsa a cikin gidansa, baƙo kuwa iyakarsa zaure. Yaron da aka haifa a Mandawari ko Jakara a 2003 ya kai shekarun shiga sakandare bai taɓa jin an ce baƙo ya fita daga Kano da maki 3 ba. Irin wannan mutum ba ya kallon rashin nasara a gida a matsayin ɗaya daga cikin abubuwa uku da wasa ka iya haifarwa. Cin fuska yake ɗaukarsa.

Shekarar Faɗuwa

Masu gida sun fara rasa gidansu a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka mayar da filin Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya. Da aka dawo wasa, sai ƙungiyar ta riƙa karɓar baƙinta a Kaduna. Ba ta koma Kano ba sai a watan Afrilu na 2022, inda ta kara da Katsina United. Ranar da ya kamata ta zama ta murna, sai ta ƙare da hargitsi: ba a ƙarasa wasan ba, aka kuma farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara, ta kuma tura ta Abuja ta yi wasanninta na gida a can. Kafin kaka ta ƙare an zare mata maki saboda rashin ɗa'a a fili. A watan Yuli ta faɗi, tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Legas.

A 2023, a wasannin share fage da aka yi a Asaba, Pillars ta sake hawa, ita da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. To, wannan dawowa cikin hanzari ita ce ta ba muhawarar ƙarfi, domin kowane ɓangare ya sami abin da zai nuna a ciki.

Hujjar Masu Cewa a Zauna

Masu wannan ra'ayi, waɗanda su ne mafi yawa, sukan ce da babu gara ba daɗi. Hujjarsu ta farko 'yan wasa ce. Ɗan wasa mai tashe ba ya son ya ɓata shekara a inda ba mai ganinsa, saboda haka da ƙungiya ta faɗi sai manyanta su fara neman hanya. Sukan kawo misalin Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana Pillars, daga nan ya wuce Turai. Da a rukuni na biyu ya ci su, in ji su, wa zai ji labari? Kowane yaro da ke buga tamaula a filin unguwa yana kallon ƙungiyar a matsayin tsani, faɗuwarta kuwa karyewar matakala ce.

Hujja ta biyu ta abinci ce. Ranar da Enyimba ta Aba ko Rangers ta Enugu ta zo Kano, mai sayar da rake da mai ruwan sanyi da mai tsire da mai A Daidaita Sahu da mai ɗinka riguna duk suna da rabo. Baƙuwar da ba a san sunanta ba ba ta cika fili.

Hujja ta uku, wadda dattawa suka fi kawowa, ita ce tsoron rashin dawowa. Mighty Jets ta Jos ita ce ta fara cin gasar ƙasa a 1972, amma ta shafe shekaru masu yawa a ƙananan rukunoni. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko kofin Afirka a 1990, ta ci gasar ƙasa a 1994, daga baya ta faɗi, sunanta ya dusashe. Masu kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo kuma sukan ƙara da Leeds United, wadda ta faɗi a 2004 ba ta dawo ba sai 2020. Ita kanta dawowar ba tabbas ba ce, domin Heartland da Sporting Lagos, waɗanda suka hau tare da Pillars a 2023, sun sake faɗuwa a 2024.

Hujjar Masu Cewa Faɗuwa Magani Ce

Ɗaya ɓangaren ba su da yawa, kuma ba su cika ɗaga murya ba sai ƙungiya na cikin wani hali. Su sukan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A ganinsu, ƙungiyar da ke tsallake rijiya da baya kowace shekara tana ɓoye cutarta ne kawai. Muddin ba ta faɗi ba, ba wanda zai tambayi yadda ake ɗaukar 'yan wasa, ko dalilin da ya sa ake yawan sauya masu horarwa, ko abin da ya hana a rene yaran gida. Faɗuwa ce kaɗai ke sa a zauna a yi wa juna gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Suna da wata hujja mai ƙarfi game da kuɗi. A Ingila, babban abin da ƙungiya ke rasawa idan ta faɗi shi ne kuɗin nuna wasa a talabijin, har ma akan ci gaba da ba ta wani kaso na 'yan shekaru don kada ta durƙushe. A nan kuwa yawancin ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne, kuma daga baitulmali ake biyan albashi, ko ana sama ko ana ƙasa. Haka kuma rukuni na biyu an raba shi shiyya-shiyya, ta arewa da ta kudu, saboda haka doguwar tafiya zuwa Fatakwal ko Uyo, da kuɗinta da haɗarinta, takan ragu. Su ma suna da misalinsu na waje, watau River Plate ta Ajantina, wadda ta faɗi a 2011, ta dawo a 2012, ta kuma ɗauki kofin zakarun Kudancin Amurka a 2015.

Sai dai wannan hujja ta baitulmali takobi ce mai kaifi biyu. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin gwamnati tana rayuwa ne da sha'awar masu mulki, sha'awa kuwa takan bi inda ake tafi. Idan ƙungiya ta daɗe a ƙasa har jama'a suka daina cika fili, ba abin da zai tilasta a ci gaba da kula da ita. Shekara ɗaya a ƙasa horo ne, shekara biyar kuwa hanyar mantuwa ce.

Abin da Ake Mantawa Wajen Awo

Idan aka saurari ɓangarorin biyu da kyau, za a ga suna magana ne kamar 'yan kallo waɗanda ba su da hannu a abin da ke faruwa. Laifi na shugabanni ne, ko na mai horarwa, ko na alƙalin wasa. Amma tarihin 2022 ya nuna cewa magoya baya su ma suna cikin ma'aunin. Ƙungiyar da ƙarfinta ke gida, aka raba ta da gida a daidai lokacin da take neman kowane maki, kuma abin da ya jawo haka daga wajen 'yan kallo ya fito. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin a watan Oktoba na 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Ƙofar Mata, an sake afka wa fili, aka sake zare wa ƙungiyar maki 3, aka kuma tura ta Katsina. Waɗanda ke yin wannan aika-aika tsiraru ne cikin dubban da ke zuwa kallo, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A nan ne kirarin ke bukatar a sake duba shi. Mai gida na gaskiya a birnin Kano ba da tsoratar da baƙo aka san shi ba. Garin da fatake daga Agadas da Gwanja da Borno suka yi ɗaruruwan shekaru suna sauka a kasuwar Kurmi ya ginu ne bisa amanar fatoma, watau mai masaukin da baƙo ke ajiye dukiyarsa a hannunsa ya yi barci. Ita kanta Pillars ba ta taɓa dogara da 'yan birni kaɗai ba, domin 'yan wasa daga sassan ƙasar nan da maƙwabta sun sa rigarta, jama'a kuma sun karɓe su. Idan har baƙo ba zai iya cin wasa a Kano ya fita lafiya ba, to rashin cin nasa ma ya rasa daraja, domin ba wanda zai yarda cewa ƙwarewa ce ta hana shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Zama a rukunin manya na kare 'yan wasa da kasuwa da suna, faɗuwa kuma kan tilasta gyaran da aka daɗe ana gudu, idan an yi sa'a ba ta daɗe ba. Ga Kano, faɗuwar 2022 ta zo daidai da zama ne kawai saboda an tashi da wuri, kuma ba wanda zai iya yin alkawarin cewa ta gaba za ta zo da irin wannan sauƙi. Abin da ke hannun mai goyon baya na Yakasai ko Koki ba ya wuce ɗaya: ya bar alƙali ya busa usur ɗin ƙarshe, ya bar baƙo ya shiga motarsa. Ƙungiya na da wasa 19 a gida kowace kaka, watau maki 57 ke nan da za a iya nema a Ƙofar Mata, kuma ba a neman su sai fili na buɗe.