Kaliforniya: baƙo ya riga ɗan gida ba da labari

Kafin 1848, Kaliforniya lardin Meksiko ce, can bakin iyaka. Littafin Turanci na farko kan tarihinta ya fito a Landan a 1839. Marubucinsa, ɗan kasuwa Alexander Forbes, bai ma taka lardin ba tukuna. Daga Tepic ya tattara labari, har ya kawo shawarar a miƙa ƙasar ga 'yan Ingila masu bin Meksiko bashi.

Ɗan gida kuwa, Janar Mariano Vallejo, gobara ta cinye takardunsa a 1867. Ya sake zama, ya cika kundi biyar, ya danƙa wa masanin tarihi Hubert Bancroft a 1875. Bancroft ya tsinci abin da yake so, ya adana sauran. Sai a 2023 aka buga cikakkiyar fassararsa da Turanci.